Ku Tambayi Anti: Filank ɗin gefe, ina hannu zai zauna, ina ƙugu zai tsaya?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk akan abu ɗaya suke, wato tsayuwar nan ta yoga da mutum zai juya gefe ya tokare da hannu ɗaya ya ɗaga jikinsa, tafin hannu da gefen ƙafa ne kawai a ƙasa. 'Yan jim suna ce mata said filank, a yoga kuma sunanta Vasisthasana. Na zaɓo waɗanda nake ganin amsarsu zata amfani kowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni dai na fara yoga ne a gida ina bin bidiyo a waya, komai yana tafiya daidai amma da an zo filank ɗin gefe wallahi wuyan hannuna kamar zai ɓalle, ko sakan 10 bana iya kaiwa, kuma in na sauka sai inji saman kafaɗata yana min zafi. Ita kuwa matar bidiyon har murmushi takeyi. Ni ce bani da ƙarfi ko akwai abinda nake yi ba daidai ba? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin kice baki da ƙarfi bari mu duba hannun nan tukun, don mafi yawan masu kawo min wannan ƙorafin matsalarsu a ajiye hannu take.

Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa ne guda 8 a haɗe, kuma a wurin yawancin mutane yana lanƙwasuwa baya ne kamar digiri 70 ba tare da takura ba. Toh in kika dasa tafin hannunki daidai ƙarƙashin kafaɗa kin nemi ya kai digiri 90 kenan, sannan kika ɗora masa nauyin jikinki akai, ai dole yayi ƙara. Don haka ki ɗan matsar da hannun gaba kaɗan, wajen da kanki yake, nesa da ƙafafu, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu, kar ki wuce haka sosai don in yayi nisa kafaɗa ce zata ɗauki wahalar. Yatsun su kalli gaban tabarma, su ba ƙafafunki baya.

Yanzu ki kalli tafin hannun da kyau lokacin da kike sama. Zaki ga abin nan da kusan kowa keyi, gefen ƙaramin yatsa ya danne ƙasa har yayi fari, shi kuma gindin manuniya ya ɗage har zaki iya zura takarda ta ƙarƙashinsa. Wannan ɗagewar ita ce ciwon. Ki ware yatsunki duka biyar, ki danna gindin manuniya da gindin babban yatsa a ƙasa, ki ɗan kama tabarmar da kan yatsunki kamar zaki yaƙushe ta, nan take zakiji nauyin ya rabu a duk tafin hannun maimakon ya taru waje ɗaya. Kuma don Allah banda yi akan katifa ko kafet mai laushi sosai, gindin hannu nutsewa yakeyi a ciki sai lanƙwasar ta ƙaru. Ƙasa mai tauri da tabarma mara santsi sun fi. In har yanzu da takura, ki ninka ƙaramin tawul ki sa ƙarƙashin gindin tafin hannun kaɗai, yatsu su sauka ƙasa.

Gwiwar hannu kuma kar ki ƙulle ta ƙam. Akwai masu gwiwar hannun da in sun miƙe ta sai ta wuce ta lanƙwashe ta baya, musamman mata, irin waɗannan in suka dogara akanta gaɓar ce ke ɗaukar kaya tsoka tana hutu. Ki ɗan sassauta ta kaɗan, yadda mai kallo ma ba lallai ya lura ba.

Sai kafaɗa, kuma nan ne nafi so ki tsaya ki fahimta don ita ce tafi saurin samun rauni. Gaɓar kafaɗa ramin da ƙashin yake zaune ba shi da zurfi, shi yasa hannu ke iya juyawa ko'ina, kuma wasu ƙananan tsokoki guda 4 ne ke riƙe kan ƙashin a mazauninsa. In kika hau filank kika saki jiki, kafaɗar sai ta tafi wajen kunne, wuya ya ɓace, duk nauyin ya rataya akan gaɓar. Zafin da kike ji a sama kenan. Maganinsa shine ki dinga ture ƙasa, ba ki jingina da ita ba. Ki gwada wannan kafin ma ki ɗaga ƙugu: zauna ta gefe, ƙugu a ƙasa, hannu a tokare, ki saki jiki kiga yadda kafaɗa ke haɗuwa da kunne, sannan ki tura ƙasa da ƙarfi har kiji haƙarƙarinki ya ɗaga, wuyanki yayi tsawo. Zakiji wata tsoka ta ɗaure a ƙarƙashin hammata ta bi gefen haƙarƙari, ita ce ke manne allon kafaɗa a jikin baya, ita muke nema. Kiyi haka sau 8 ko 10 kowane gefe, in jikinki ya gane wannan turawar toh rabin aikin ya ƙare.

In kinyi duk wannan wuyan hannun bai daina ba, ki sauka kan gwiwar hannu kawai. Ita kam a nan daidai ƙarƙashin kafaɗa zata zauna, sauran hannun a shimfiɗe a ƙasa. Cikinki da kwiɓinki zasu samu aikinsu cif, babu abinda ya ragu. Amma in kina jin minjirya ko yatsu suna mutuwa, musamman babban yatsa da manuniya da na tsakiya, ko abin yana tashinki cikin dare, wannan alamar jijiya ce ta matsu a wuyan hannu, ki dakata ki ga likita.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ina zuwa jim kuma ina iya riƙe said filank har minti 2 kowane gefe, ina ta jin daɗi, sai abokina ya ɗauke ni hoto naga ashe ƙuguna ya kusa taɓa ƙasa, ga shi kuma washegari kwankwasona yana riƙewa. Ya ake gane an miƙe daidai tunda mutum baya ganin kansa? Kuma minti nawa ya kamata? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗan'uwa ka gode wa abokin nan naka, yayi maka babban taimako. Gaskiya zan faɗa maka, minti 2 ɗin nan yawancinsa ba filank kakeyi ba, rataye kake tsakanin kafaɗa da ƙafa kamar igiyar shanya da aka cika wa jiƙaƙƙun kaya. Tsokar da ya kamata tayi aikin ta gaji tun da wuri, sai gaɓoɓi suka karɓa, shi yasa kwankwaso ke kuka da safe.

Abinda ake so shine layi ɗaya miƙaƙƙe daga kunne zuwa kafaɗa zuwa ƙugu zuwa idon sawu. Amma layin nan ta fuska biyu ake dubansa, kuma mutane ɗaya kawai suka sani. Na farko shine wanda hoton ya nuna maka, lotsewar ƙugu zuwa ƙasa. Ka ajiye waya a ƙasa nesa kaɗan ta ɗauke ka bidiyo daga gaba, zakaga daidai sakan ɗin da ƙugun ya fara sauka, toh iya nan ne ƙarfinka na gaskiya. Ko ba waya ma, duba rigarka ta gefen da ke ƙasa: in sararin da ke tsakanin kwiɓinka da tabarma yana raguwa, rigar ta fara shafar ƙasa, ka lotsa.

Na biyun shine wanda sai an tsaya ta wajen kanka ko ƙafarka ake gani. Da gajiya ta zo sai mutum ya turo ɗuwawu baya ya lanƙwashe a ƙugu, ko kuma kafaɗar sama ta faɗo gaba ƙirji ya fara kallon ƙasa. Daga gaba sai kaga kamar ya miƙe alhali ya karye a tsakiya. Don gyara wannan kayi shi a jikin bango: diddigenka da ɗuwawunka da bayan kafaɗunka su kasance dab da bangon, in ɗuwawu ne kaɗai ke dukan bango kafaɗa tayi nisa toh ka gane. Ka matse ɗuwawu ka tura ƙugu gaba kaɗan, ƙugun sama ya hau daidai kan na ƙasa, kafaɗar sama ta hau kan ta ƙasa, ƙirji yana kallon gaba. Kar kuma garin gyara ka gantsare, ka ɗan ja ƙasan haƙarƙarinka ciki, cibiya ta ɗan shige.

Ƙafa ma tana da nata aikin da ake mantawa. Ka tanƙwaro yatsun ƙafa wajen gwiwa kamar kana tsaye a ƙasa, ka danna gefen tafin ƙafar da ke ƙasa da ƙarfi yadda idon sawu zai ɗaga daga tabarma, cinyoyi a ɗaure. In ƙafa ta yi laushi ƙugu baya samun abin dogaro. Wuraren da ya kamata kaji wuta sune kwiɓin da ke ƙasa, gefen ɗuwawun da ke ƙasa, da ƙarƙashin hammata. In a tsakiyar kwankwaso kake ji ko a saman kafaɗa, akwai abinda ya goce.

Batun lokaci kuma, Farfesa Stuart McGill, wanda ya daɗe yana binciken ƙashin baya a Jami'ar Waterloo ta Kanada, ya sa filank ɗin gefe cikin atisaye uku da yake ba masu son ƙarfafa baya, kuma shi shawararsa a riƙe kamar sakan 10 a huta a sake, ana rage yawan maimaici, maimakon a riƙe dogon lokaci. Misali kayi sakan 10 sau 5, ka huta, sau 3, ka huta, sai sau 1, kowane gefe. A ajin yoga kuma galibi da numfashi ake ƙirgawa, kamar numfashi 5 a natse sai a juya. Ni dai na fi son inga sakan 20 a miƙe tsaf akan minti 2 a lotse, kuma zaka sha mamakin yadda sakan 20 ɗin zasu sa ka karkarwa in kayi su daidai.

TAMBAYA: Anti don Allah wai da gaske ne in ana yin wannan kullum yana narkar da teɓar gefen ciki? Daga wata amarya.

AMSA: A'a ƙanwata, ba gaskiya bane, kuma ina jin zafin yadda ake yaudarar mutane da wannan maganar a intanet. Jiki baya zaɓar kitsen wajen da ake motsawa ya ƙona, kitse yana raguwa ne a jiki gaba ɗaya idan abinda ake ƙonawa ya fi abinda ake ci. Abinda filank zai baki shine ƙarfin ciki da baya da tsayuwa mai kyau, kuma wannan ma ba ƙaramin abu bane. Kici gaba da yi, ki haɗa da tafiya da kula da ci.

TAMBAYA: Sallama 'yata. Na haura shekara 55, ina da hawan jini amma ina shan magani, 'yata ce take koya min. Da na ɗora ƙafa kan ƙafa sai in dinga tangaɗi in faɗo gaba, in kuma na ɗaga kai zan kalli hannun sama kamar yadda tace sai wuyana ya riƙe, wani lokacin har jiri. Ko dai shekaru sun wuce wannan? Daga wata uwa.

AMSA: Mama sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Shekaru basu wuce ba, matakin da aka fara miki da shi ne yayi sama. Ɗora ƙafa kan ƙafa ai kusan ƙarshe ne, ba a nan ake farawa ba.

Ki fara da gwiwa a ƙasa. Ki kwanta ta gefe, ki tokare da gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, ki lanƙwasa gwiwoyinki ƙafafu suna baya, sai ki ɗaga ƙugu yadda daga kafaɗa zuwa gwiwa zai zama layi ɗaya. Hannun sama ki ɗora shi akan ƙugu. In wannan ya zauna har kina iya numfashi 5 ba wahala, sai ki miƙe ƙafar sama ki bar gwiwar ƙasa a inda take. Bayan nan sai a miƙe ƙafafu biyun amma ba a ɗore ba, ta sama a gaba ta ƙasa a baya, dukkansu suna taɓa tabarma, wannan yana faɗaɗa mazauni sai tangaɗin ya ragu sosai. In kin tsaya a matakin gwiwa har abada ma wallahi babu laifi, amfanin yana nan, kar wani yasa kiji kamar kin gaza.

Kallon hannun sama kuwa ba dole bane ko kaɗan. Kan babban mutum yana kai kilo 4 zuwa 5, a wannan tsayuwar tsokokin gefen wuya ne ke riƙe da shi, in aka ƙara musu da murɗawa sama sai su riƙe. Ki kalli gaba kawai, ki samu abu ɗaya da baya motsi ki kafa masa ido, ko ki kalli ƙasa wajen hannunki, wannan ma yafi taimakawa wajen balans. Abin kula dai kar kan ya langaɓe wajen kafaɗar ƙasa, kuma kar haɓa ta turo gaba, ƙeya ta bi layin baya.

Sai babban abin da ya shafe ki Mama, numfashi. Mutane in abu yayi nauyi sai su riƙe numfashi suna yunƙuri, wannan yana sa jini ya hau na ɗan lokaci, ga mai hawan jini kuwa ba abin wasa bane. Ki dinga shaƙa kina fitarwa a hankali, in kinga bazaki iya magana ba a cikin tsayuwar toh tayi miki nauyi, ki sauka. In kin gama kar ki miƙe zumbur, ki ɗan zauna tukun. Jirin nan kuma ki faɗa wa likitanki a zuwa na gaba, musamman in yana zuwa ko ba kya motsa jiki, ki kuma gaya masa irin atisayen da kikeyi.

TAMBAYA: Anti na haihu wata 2 da suka wuce ta hanyar tiyata, yaushe zan iya komawa? Kafin ciki ina yi sosai. Daga mai jego.

AMSA: Barka da arziki, Allah ya raya. Ki yi haƙuri kar kiyi gaggawa, tiyatar haihuwa babbar tiyata ce, ko fatar waje ta warke ciki yana buƙatar lokaci. Galibi ana duba mai jego wajen sati 6 zuwa 8, kuma wadda aka yi wa tiyata takan jira fiye da wadda ta haihu da kanta kafin atisaye mai nauyi, don haka likitanki ne zai baki izini ba ni ba. Ki roƙa a duba miki ko tsokar gaban ciki ta rabu a tsakiya, abu ne da ke faruwa da mata da yawa bayan ciki. In an baki dama ki fara da na gwiwa a ƙasa, ɗan gajeren lokaci, kina kallon cikinki: in kikaga tsakiyarsa ya tsiro yayi tudu daga cibiya zuwa sama, ko kinji ja a wajen ɗinki, ko fitsari ya zubo, ko jini ya dawo, ki tsaya, lokaci bai yi ba.

TAMBAYA: Gefen dama ina yi lafiya lau amma hagu ko rabi bana kaiwa, jikina sai rawa. Kuma ina son in iya wanda ake ɗaga ƙafar sama a kama babban yatsa. Daga wani mai karatu.

AMSA: Kusan kowa yana da gefen da yafi ƙarfi ɗan'uwa, rawar jiki kaɗan kuma ba matsala bace matuƙar layin bai karye ba. Ka dinga farawa da hagun tun kana da ƙarfi, iya abinda hagu ta iya shi zaka ba dama, kar ka ƙara mata, a hankali zasu kusanci juna. Amma in ba rashin ƙarfi kake ji ba, ciwo ne mai suka a kafaɗa, ko kafaɗar ta taɓa gocewa, ko ka taɓa karaya ko targaɗe a wuyan hannun, ka bari likitan ƙashi ko na fisiyo, wato mai gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, ya duba kafin ka ɗora mata nauyi.

Na kama yatsan ƙafa kuma yana buƙatar abu biyu, ƙarfin gefen ɗuwawun da ke ƙasa da sakin jijiyoyin bayan cinya. Ka bari sai kana iya numfashi 5 a natse kowane gefe ƙafa kan ƙafa ƙugu bai motsa ba. Daga nan ka fara ɗaga ƙafar sama kamar taƙi ɗaya kawai, yatsu suna kallon gaba, ka lura da ƙugu don da ƙafa ta tashi shi kuma sauka yake so yayi. In wannan ya zauna sai ka lanƙwasa gwiwar sama ka kama babban yatsa da yatsunka biyu, ka miƙe ƙafar iya inda ta yarda. In hannu baya kaiwa ka rataya ɗamara ko dogon ƙyalle a tafin ƙafar ka riƙe, kuma ka fara gwadawa bayanka na kusa da bango don in ka tafi baya ya tare ka.